Ranar da Mai Gadi Ya Rufe wa Fitila Ƙofa

Tun kafin ta gan shi ta riga ta zana shi a ranta: tsoho mai tumbi, tabarau a kan karan hanci, ba ya dariya. Haka rubutunsa yake, a taƙaice, babu wasa. Shi ya sa da ta shiga ɗakin karatun da aka aro don taro, ta tarar da wani siririn saurayi a durƙushe yana fama da fankar tsaye da ta ƙi juyawa, ba ta kawo komai a ranta ba.

"Malam, don Allah nan ne taron 'yan Tsibiri?"

Ya ɗago, ya cire sukudireba daga bakinsa. "Nan ne. Ke ce Fitila."

"Ya aka yi ka sani?"

"Kin tsaya a bakin ƙofa kina ƙare wa ɗakin kallo kamar za ki rubuta shi. Ni ne Mai Gadi."

Dariya ta kufce mata, ta rufe baki da gefen mayafi. "Wallahi na ɗauka ka yi jika."

Tsibiri wasa ne na intanet, babu hoto, babu sauti, rubutu zalla. Mutum zai shiga da sunan da ya zaɓa, ya zama matuƙin jirgin ruwa ko mai magani ko ɓarawon teku, ya rubuta abin da yake yi, sauran 'yan wasa su amsa masa. Masu kula da wasan 'yan kaɗan ne, aikin sa kai suke yi. Fitila, wadda da rana take aiki a shagon tabarau, ita ce mai rubuta wurare: kasuwar bakin ruwa, kogo, gidan mai jirage. Mai Gadi kuwa, mai gyaran AC ne, shi ke sauraron ƙorafin 'yan wasa.

A taron, Babban Yaya, wanda ya kafa wasan, ya maimaita abin da kowa ya haddace. Mai kula yana da ikon ganin hirar sirrin kowa, amma ba ya leƙawa. Ba ya fifita nasa. Ba ya tashi daga kwamfuta ya bar shigarsa ta wasan a buɗe.

Fitila ta ji rabi. Sauran rabin hankalinta na kan hannun da ya tayar da fanka.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo.

"Kin manta alƙalaminki. Zan riƙe shi sai kin biya kuɗin gadi."

"Nawa ne kuɗin gadin?"

"Gaisuwa kullum da safe."

Ta biya, har da ƙari. Yana kan tsani a bayan wani ofis zai rubuto, "Haskena, rana ta yi zafi, amma na tuna ke sai na ji ta yi kishiya." Ita kuma tana goge gilashi a shago za ta amsa, "Gadina, riƙe tsanin da hannu biyu, soyayya ba ta ɗaure karaya." Suka gaya wa Babban Yaya suna soyayya, kamar yadda dokar masu kula ta ce, ya yi musu fatan alheri.

Abbanta ne bai yi ba. Ya daɗe yana aikin jinya kafin ya yi ritaya, mutum ne da ba ya ɗaga murya.

"A ina kika ce kun haɗu?"

"A wasan nan, Abba."

"Wasan da kowa ke ƙaryar sunansa?" Ya naɗe jaridarsa. "Mutumin da ya saba zama wani daban kullum, wanne daga ciki zan ba 'yata? A bar maganar."

Wadda ta share mata hawaye ranar ita ce Tauraruwa, 'yar ƙanwar Ummanta, da ke zaune gidansu tana karatu. Ɗaki ɗaya suke kwana, takalmi ɗaya suke sawa, ita ce ma ta fara nuna wa Fitila Tsibiri. "Ki kwantar da hankalinki, Yaya," ta ce tana shafa mata baya. "Abba zai sauko."

Wata Asabar da hantsi Fitila ta dawo daga aiken Umma, ta zauna gaban kwamfutarta don ƙarasa rubutun wani tsohon jirgi. Allon ya fitar da ita. Ta sake shiga, sai ga rubutu:

"An dakatar da wannan mai kula har sai an gama bincike. Mai Gadi."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta shiga da sunanta na 'yar wasa, ta tarar dandalin tattaunawar 'yan wasa na tafasa. An manna wata doguwar hirar sirri a bainar jama'a, da sunan Fitila a ƙasa. Hirar tsakanin Mai Gadi ce da wata 'yar wasa, Shuɗiya. A ciki Shuɗiya ta faɗa masa cewa wani ɗan wasa da ke binta da zagi tsohon mijinta ne, da ƙyar ta tsere masa, har ta ambaci makarantar da take koyarwa yanzu. Shi kuma yana lallashinta da tattausan kalamai.

"Kishi ne," wani ya rubuta. "Ta ga saurayinta na hira da wata."

"Ashe masu kula na karanta mana sirri."

Ta kira shi. Ya ɗauka a bugun farko.

"Ka rufe ni ba ka ko kira ni ba?"

"Doka ce, Haskena. Ana fara rufewa, sannan a yi magana. Na miƙa binciken ga Babban Yaya, ni ba zan taɓa shi ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ki faɗa min tsakaninki da Allah. Ke ce?"

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi.

"Ni kake tambaya?"

"Da shigarki aka yi, daga gidanku..."

Ta kashe wayar.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Ki ɗauka mu yi magana." "Mutumin ya je makarantar Shuɗiya, sai da masu gadi suka fitar da shi. Kaina ya ɗau zafi ne." "Haskena, ko zagi ne ki turo."

Ta amsa sau ɗaya: "Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

A shago ta ba wani dattijo tabarau ɗin da ba nasa ba, sai da ya dawo yana laluben ƙofa. Mutanen da ta rubuta wa kasuwa da teku suna ta jifanta da maganganu. Duk wannan bai ci ranta kamar kalmomi biyun nan ba. Mutumin da ya san ba ta iya buɗe jakar Ummanta ba tare da izini ba, shi ne ya auna ta ya ga za ta iya tona asirin mace 'yar uwarta.

Abba ya ji labari, Tauraruwa ce ta kai masa. Bai ce komai ba sai, "Allah Ya kyauta."

Ranar wata Lahadi suna wanke kwanuka, Fitila na cuɗawa, Tauraruwa na ɗauraya.

"Ki daina damun kanki, Yaya. Ita ma Shuɗiyar ta cika neman tausayi. Har da gaya masa wai sai ta sha magani take iya barci."

Soson ya tsaya a hannun Fitila. Ta karanta hirar nan da aka manna har ta haddace ta. Babu maganar magani a ciki.

"A ina kika ga wannan?"

"A dandali mana."

"Babu shi a dandali."

Ruwa na ta zuba daga famfo. Tauraruwa ta ajiye farantin a hankali.

"Ranar da Umma ta aike ni," Fitila ta ce, muryarta can ƙasa, "na bar kwamfutar a buɗe. Ke kaɗai ce a ɗakin."

Ta jira kuka ko rantsuwa. Sai Tauraruwa ta ɗago da busassun idanu.

"Kin san kafin ya zama mai kula, a cikin wasan ni ce matarsa? Ni muka gina gida da shi a bakin ruwa. A wurinsa wasa ne. Ni na kawo ki, ni na koya miki komai, kika zo kika ɗauke shi, kuma kullum ni kike karanta wa saƙonninsa. Na so ki ji abin da nake ji."

"Da kin faɗa min."

"Da kin bar min shi?"

"Ita Shuɗiya fa? Me ta yi miki?"

Tauraruwa ta juya ta kashe famfo.

Fitila ba ta yi ihu ba. Ta goge hannu, ta shiga ɗaki, ta kwashe kayanta zuwa ɗakin Umma. Daga nan ta rubuta wa Babban Yaya komai, har da nata laifin: ita ta tashi ta bar shigarta a buɗe. Ya kori Tauraruwa daga Tsibiri, ya sanar da gaskiya a dandali, ya ce Fitila za ta ci gaba da zama a dakace na wani lokaci saboda sakaci. Ba ta yi musu ba. Ta nemi izinin rubuta wa Shuɗiya.

"Ban karanta sirrinki ba, amma ni na bar ƙofar da aka shiga. Ki yafe min."

Amsar ta daɗe kafin ta zo. "Na canja makaranta. Na yafe miki. Amma ba zan dawo wasan ba."

Wannan amsar ta sa ta kukan da ba ta yi ba tun farko.

Tauraruwa ta koma gidan iyayenta. Umma da ƙanwarta suka yi kwanaki ba sa waya.

Wata rana da yamma Fitila ta dawo daga shago ta ga takalmin aiki mai ƙura a ƙofar falo. Ta tsaya a bayan labule. Muryar Abba ce, shi da Mai Gadi.

"Ka ce kana sonta, kuma kai ka rufe ta da hannunka."

"Ni ne, Abba."

"Me ya hana ka kira ta tukuna, ku gyara a tsakaninku?"

"Wata baiwar Allah ta ba ni amanar rayuwarta, aka watsa a titi. Da na tsaya na fara kare tawa, da ita ba ta da kowa. Ko yau aka sake, zan rufe." Ya sassauta murya. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na tambaye ta ko ita ce. Wannan babu doka a cikinsa, rashin hankalina ne."

Abba ya ce, "Lokacin da nake aiki na sha ganin wanda ya buɗe fayil ɗin mara lafiya don ya burge budurwa. Ban cika ganin irinka ba." Ya ɗaga murya kaɗan. "Mai leƙen labule, shigo. Inuwarki ta tona ki."

Ta shigo kanta a ƙasa. Abba ya miƙe. "Ni na janye. Saura ke, kuma ba zan sa baki ba." Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Mai Gadi ya rame. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ba na jin haushin rufewar," ta ce. "Da ba ka rufe ba da na raina ka."

"Na sani."

"Amma ka dube ni ka ga mai cin amana. Kowa ya zarge ni ban damu ba. Kai kuma..."

"Ba ni da hujja. Na ji tsoro, na bar tsoro ya yi magana. Ko shekara za ki yi kina hukunta ni, zan jira, in dai a ƙofarki ne."

"'Yar uwata da muke kwana ɗaki ɗaya ta yi min haka. Ya zan yi in sake yarda da wani?"

"A hankali. Ni ma ba sauri nake ba."

Bai samu amsa ranar ba. Ya ci gaba da zuwa, wani lokacin ta fito, wani lokacin Abba ne ke zama da shi suna gardamar ƙwallo. AC ɗin falo da ya shekara a mace ya tashi. Umma ta fara ajiye masa abinci. Sai wata safiya yana kan hanyar aiki saƙo ya shigo.

"Abba ya ce ka turo manyanka. Ni ban ce komai ba."

Ya faka babur a gefen titi. "Shirunki ya fi min duk wani rubutu da kika taɓa yi. In kira sunan?"

"Kira."

"Haskena."

An ɗaura aure ranar da gari ya yi luf bayan ruwan sama. Babban Yaya ya zo da sauran masu kula, aka yi ta dariya don babu wanda ya san sunan wani na gaskiya sai da aka faɗa a wurin. Ƙanwar Umma ta shigo ita kaɗai, ta rungume amarya ta fashe da kuka.

"'Yar uwarki tana mota, ta kasa shigowa."

Fitila ta dubi taga. Zuciyarta ba ta gama warkewa ba, ba ta kuma yi kamar ta warke ba.

"Ki ce mata ta shigo ta ci abinci, Anti. Magana kuma sai wani lokaci."

Da za a tafi da ita, Abba ya kama hannunta ya sa a na mijinta, ya riƙe su duka biyun.

"Ga amana nan. Na san ka iya riƙewa. Ke kuma ki riƙe shi da gaskiya. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya tsare gidanku daga zargi."

"Amin," suka ce tare. Hawayenta na sauka a kan hannayen, ba ta janye nata ba.