Ledar Jinin da Inna ta Hana

Inna na tsakar gida tana sheƙar ɗan geron da ya rage a rumbu, Namadi ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Inna, Mardiyya ta sauka, an samu mace! Amma ta zubar da jini, likita ya ce ledar jini guda ake so yau-yau. An gwada nawa, ya yi daidai."

Sai Inna ta aje faifai. "Jinin wa? Naka? Ana tsakiyar damina? Wanda ya ba da jini ƙarfinshi ba ya dawowa, kowa ya sani a garin nan namu na Banga. In ka kwanta wa zai yi noman? Mi za mu ci? Ban yarda ba, in dai ni na haife ka!"

Kai, ran nan Namadi ya ga tashin hankali! Yaron da ko a wasa bai taɓa yi wa uwarsa musu ba, ga kuma matarsa Mardiyya, wadda ta zaɓe shi ba shi da komai sai fartanya. Kuɗin sayen jini kuwa, ina suka gan shi? Ya durƙusa, hawaye shar-shar.

"Na ji, Inna. To ki zo ki ga jikarki."

Ya goya ta a babur ɗin aro har asibitin Kaura. Mardiyya na kwance, leɓe ya bushe, tafin hannunta fari fat kamar an shafa gari. Da ta ga fuskar mijinta ta gane komai.

"Kada ka saɓa wa Inna saboda ni," ta ce da ƙyar. "Ita ma tsoron yunwa take. Allah na nan."

Maganar nan ta daki Inna. Ta dubi jaririyar da ke laluben nono, ta dubi surukar da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Sai ta ja hannun riga ta miƙa wa nas.

"Ke ɗiyata, ɗebi nawa. Ni ba noma nake ba."

Nas ɗin ta ja fatar idon Inna ta leƙa, ta girgiza kai. "Haba Mama! Ke kanki jinin bai ishe ki ba, rashin abinci mai kyau ne. Ɗanki kuwa lafiyayye ne, leda guda ba ta kayar da shi, jiki na mayar da abinsa. Amma wannan imajansi ce, in aka jima za mu rasa mai jegon."

Inna ta fashe da kuka. "Ashe haka ne? Ba wanda ya taɓa faɗa mini! Je ka, Namadi, na yafe. Yi sauri mana, mi kake kallo?"

Ita ta riƙe masa hannu har ledar ta cika, tana ta salati, tana harar allurar kamar abokiyar gaba. Kafin la'asar Mardiyya ta tashi zaune ta ba 'yarta nono.

Sati bai zagayo ba Namadi ya koma gona, Inna na bin sa da kwaɗon zogale ko yana so ko ba ya so. Da kaka geronsu ya yi kyau, ita kuwa duk gidan suna sai ta ba mata labarin.

Ku ji, samari da 'yan mata: sau da yawa ba ƙiyayya ke sa iyaye su tsaya mana a hanya ba, talauci ne da rashin sani. Namadi bai yi wa uwarsa tsawa ba, kai ta ya yi ta gani da idonta. Ga shi yau yana da uwa, yana da mata.