Kalmomi Talatin na Yaya Fatihu

A wani ƙauye kusa da Bunkure akwai wata yarinya 'yar aji shida. Yayanta Fatihu ya rasu da damina. Ya bar tsohuwar kwamfutarsa, wadda yake buga wa manoman rani takardu da ita.

Ran nan yarinyar ta buɗe manhajar rubutu, ta buga "shinkfa". Kafin ta ƙifta ido, kalmar ta koma "shinkafa". Ta buga "kofa", sai ga lanƙwasa ta tsiro a kan harafin, ta zama "ƙofa".

"Umma, zo ki gani! Kamar Yaya ne yake riƙe da hannuna!"

Umma ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙansa."

Malam Hambali na makarantarsu ne ya nuna mata sirrin. Ashe Fatihu ya jera kalmomi talatin a wani ɗan shafi, waɗanda yatsunsa suka saba kuskurewa, don manhajar ta riƙa gyara su da kanta.

"Talatin kacal?" in ji ta a ranta. Ba ta tambayi kowa ba, ta kwaso dubban kalmomi daga intanet, ta zuba a shafin.

Washegari Baba ya dawo daga gona ransa a ɓace. "Kwana huɗu ruwa bai iso layinmu ba, tumatir ya fara yaushi. Buga mana takardar koke, yau za a kai ofishin raba ruwa a Kura."

Ta danna. Shiru. Manhajar ta ƙi buɗewa, caji sai raguwa yake. Da ƙyar ta buɗe. Yarinyar ta buga "bakin gona", kalmar ta koma "baƙin gona".

Baba ya leƙo. "Baƙin gona kuma? Su waye suka zo mana?"

Ta rungumi kwamfutar, ta ruga gidan Malam tana hawaye.

Malam ya duba shafin, ya yi dariya. "Ke ma dai! Kin loda wa adaidaita buhu hamsin, kina so ya tashi da gudu? Yayanki ya san in ya sa 'baki' ya riƙa komawa 'baƙi', zai ɓata wa mai baki rubutu."

Suka goge tarkacen, suka bar talatin ɗin. Ta ƙara biyar nata. Malam ya saita shafin, ba zai farka ba sai ta fara bugawa. Tana dannawa, manhajar ta buɗe nan take.

Takarda ta isa Kura kafin azahar. Kashegari ruwa ya gangaro layinsu yana sheƙi, tumatir ya miƙe.

Daga ranar ta gane cewa yawa ba shi ne gyara ba. Ka ɗauki abin da kake buƙata kawai, kuma kafin ka taɓa aikin wani, ka tambayi dalilinsa.