Igiyar Mai Askin Shinge

Gab da magariba Yaya ya aike ni nemo mai askin fulawa. Baƙi zai yi washegari, shingen shukar da ya kewaye gidansa kuwa ya yi buzu-buzu. Tsohon da ya saba gyara shi, Yaya ya kore shi da zagi saboda reshe ɗaya tak da ya bari ya fito. Haka Yaya yake, ba ya ƙaunar ganin wani abu ya ɗaga kai a gidansa, shuka ce ko mutum. Ni da 'yata Lele muna raɓe a ɗakin baya tun rasuwar mijina, kuma rana ba ta faɗuwa bai tuna mana ba.

A ƙarƙashin gada, inda leburori ke zaman jiran aiki, kowa ya watse sai mutum ɗaya. Yana zaune kan bulo, babban almakashi a cinyarsa, igiya a naɗe a kafaɗa. Ƙamshin ɗanyen ganye ke tashi daga jikinsa, alhali ko ciyawa babu a wurin. Ban gama bayani ba ya miƙe.

"Mu je," ya ce.

Yana bina a baya, amma ban ji takunsa ba. Bakin almakashin kawai nake ji yana haɗuwa a hankali.

Da muka isa, ya kafa turke a kowane ƙarshen shingen, ya warware igiyarsa. Masu wannan sana'a sukan tambayi maigida tsayin da yake so kafin su ɗaura igiya, duk abin da ya wuce ta su aske.

"Maigida, ina ma'auni?"

Yaya ya waiga, ya hango Lele tana fama da bokitin ruwa. Shekarunta bakwai lokacin, 'yar ficiciya.

"Ke Guntuwa, zo nan. Yau dai ki yi amfani."

"Ga ni, Kawu."

Ya jingina ta da shingen, ya danna kanta har ta runtse ido. "Daidai kanta nake so."

Mutumin ya ɗora tafinsa a kan 'yata, ya daɗe bai ɗauke ba. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Ka ba ni ita ma'auni?"

"Na ba ka. Dama me take tsinana min?"

"Ni a aikina shinge ba ya wuce igiya. Ma'auni ma ba ya wuce ta."

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. "Irinka nake nema!"

Ya yi aikinsa cikin duhu ba fitila. Da safe shingen ya kwanta sumul kamar tebur, igiyar na nan a ɗaure, kuma ba wanda ya ga tafiyarsa. Daga nan ba mu sake nemansa ba. Duk sanda ganye ya leƙo, sai mu ji ƙyas-ƙyas da magariba, gari ya waye an gyara. Yaya har baƙi yake fitarwa su yi kallo.

Bayan wasu watanni ina yi wa Lele kitso, na ga gashin tsakiyar kanta a yanke, a baje bai ɗaya. Na zaci 'yan makarantarsu ne. Sai na shinshina. Ƙamshin ɗanyen ganye.

Na ja ta zuwa shingen, na tsayar da ita. Igiyar da a da take shafar saman kanta, yanzu ta nutse cikin gashin, tana taɓa fata. 'Yata ta ƙara tsayi.

Na je na durƙusa gaban Yaya, yana shan shayi. Na roƙe shi ya sa a ɗaga igiyar ko da taƙi ɗaya.

"In ɓata shingena saboda tatsuniyarki?" ya ce. "To ta daina tsayi mana. Abincina ma ya huta."

Wallahi ranar na tsane shi, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Na ɗauki wuƙa na datse igiyar da kaina. Kafin yamma tana nan a miƙe, ba ko ƙulli.

Magaribar wata rana ina wanke-wanke a bakin famfo, na ji shi.

Ƙyas. Ƙyas.

Na leƙa shingen. An riga an gama da shi, ganye a zube a ƙasa.

Ƙyas.

Daga ɗakinmu yake fitowa.

Na tura ƙofa. Ƙamshin ganye ya cika ɗakin, haɗe da warin tsatsa. Igiyar ta ratsa daga taga zuwa bango. Lele na tsaye jikin bangon, hannuwa a sake, idanu a buɗe amma ba ta gani. Igiyar na kwance a goshinta.

Mai askin shingen yana gabanta. Ya buɗe almakashin, kaifi ɗaya a gefen kunnen dama, ɗaya a hagu.

"Bawan Allah," na ce. "Yarinya ce."

Bai waigo ba. "Ta wuce igiya."

"Ɗauki nawa kan."

"Ba ke aka ba ni ba."

Gwiwoyin hannunsa suka fara matsowa.

Na yi tsalle, na dafa kanta da hannu biyu, na danna da duk ƙarfina. Gwiwoyinta suka lanƙwashe.

Ƙyas!

Sanyi na fara ji, zafin daga baya ya zo. Kan yatsuna biyu na hannun dama suna ƙasa, cikin guntayen ganye. Lele ta farka tana ihu a ƙarƙashina, ni kuwa ban sake ta ba.

Ya sunkuyo, ya daidaita idonsa da igiyar, ya dubi kanta a ƙasa da ita. Numfashinsa ya taɓa kuncina, ba ɗumi a ciki.

"Daidai," ya ce. Ya naɗe igiyarsa, ya fita.

Da Yaya ya ga jinin, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya ɓata masa bango.

Mun bar gidan a satin. Mun sauya unguwa, mun sauya gari, mun kama ɗaki a bene inda ko tukunyar fulawa babu. Bai hana komai ba. In rana ta yi ja, sai ƙamshin ya shigo, igiyar ta bayyana daga taga zuwa bango, a tsayin yarinya 'yar shekara bakwai. Zaunar da ita na gwada, da kwantar da ita, sai jikinta ya miƙe da kansa ya nufi bangon. Abin da ya rage mana shi ne ta tsaya a duƙe, hannuna a kanta, har duhu ya gama shiga.

Yanzu Lele budurwa ce, doguwa kamar babanta, amma ba wanda ya sani. Bayanta ya ranƙwafa, yaran layi suna kiranta Kaka. Maƙwabta da ke hango mu ta taga suna cewa ba su taɓa ganin muguwar uwa irina ba. Yaya kuwa, an ce har yau shingensa ya fi na kowa kyau a layinsu.

Ɗazu da rana ta fara ja, na miƙa guntun hannuna kamar kullum. Ta riƙe shi, ta sauke shi a hankali. Ta fi ni ƙarfi yanzu.

"Umma, bayana ya gaji," ta ce. "Yau miƙewa zan yi."

Ƙamshin ganye ya riga ya shigo ɗakin.