Alkakin Kaka Marar Haƙora

A wani zamani can baya, a wani gari, akwai wata yarinya mai kwaɗayi, sunanta Tasalla. A gidansu, duk ranar Sallah sai an soya alkaki a aika wa Kaka, mahaifin babansu. Wata shekara aiken ya faɗo kanta. Inna ta ɗora mata akushi, ta ce, "Kada ki buɗe."

Tasalla na shan kwana ƙamshin zuma ya kama ta. Ta ce, "Ɗaya ba ya rage akushi." Ta cinye ɗaya, ta saka dutse don kada nauyi ya ragu. A gindin tsamiya ta ce, "Ɗaya ba ya rage akushi." A bakin rijiya ma haka. Kafin ta isa, alkaki ya ƙare, akushi ya fi da nauyi.

Kaka ya karɓa, ya jinjina, ya ce, "Kai, bana an cika hannu!" Sai ya tara sauran jikoki, ya ce, "Amaryata, ni haƙorana sun daɗe da yin ƙaura. Al'adar gidan nan, wanda ya kawo shi ke cinyewa a gabana, in ji daɗin ƙarar."

Ya buɗe akushi, ya leƙa, ya dubi zumar da ke haɓarta. Ya tura mata duwatsun gabanta.

"Bismilla, amarya. Ai ke kina da haƙora."