Shayin Kaka da Turmin Miya

A garin Tasawa akwai wata yarinya mai suna Mardiya. Shekarunta goma sha ɗaya. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko, tana da saurin hannu a aikin gida. Amma fa akwai taurin kai! In Mardiya ta ce a'a, to sai dai a haƙura.

Kakanta, Malam Mumuni, yana zaune tare da su. Kowa a gidan Kaka yake ce masa. Kwanan nan ya tashi daga zazzaɓi mai zafi. Ya rame, bakinsa ba ya son komai. Tuwo ba ya shiga, fura ba ta shiga. Abu ɗaya yake iya sha da safe, shi ne shayi mai madara da kayan ƙamshi, wanda Inna, mahaifiyar Mardiya, take dafa masa. Likita kuwa ya ce kada ya sha maganinsa sai ya sa wani abu a cikinsa.

Madarar daga jar akuyar gidan take fitowa. Kofi ɗaya kacal take bayarwa kowace safiya.

Wata ranar Asabar, Inna ta shirya za ta je suna a garin Baudeta. Baba kuma ya yi tafiya tun shekaranjiya. Inna ta ɗaure goyo, ta kira Mardiya.

"Mota na jira, ba ni samun dahwa shayin Kaka. Kina iyawa?"

"Ni? Ko idona a ruhe, Inna!"

"To, buɗe shi dai. Ga madara na tatso. Ga citta, ga kanumfari, ga kirfa. Masoro ƙwaya uku, kar ki wuce. Ƙaramin turmin kayan shayi yana gidan Aminatu, jiya ta ara. Tahi ki amso. Kar ki daka a turmin miya, kin jiya?"

Nan take Mardiya ta ɓata rai.

Aminatu maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. Tana da 'ya mai suna Hanan, ajinsu ɗaya da Mardiya. Ranar Laraba, Mushe, wato malaminsu, ya kira Mardiya gaban allo, ta yi kuskure a lissafi. Hanan ta fashe da dariya, aji duka ya ɗauka. Tun daga ranar Mardiya ta daina yi mata magana. Ta kuma sha alwashin ba za ta ƙara taka gidansu ba.

"Inna, ni ba ni zuwa gidan su Hanan."

"Don mi?"

"Haka nan."

"Faɗanku naku ne. Ni turmina na aike ki." Inna ta ɗauki jakarta ta fita da sauri.

Mardiya ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu. Ta dubi katangar su Hanan, ta murguɗa mata baki, sai ka ce katangar ce ta yi mata dariya.

"Turmi ai turmi ne," ta ce wa kanta.

Ta jawo babban turmin miya. A cikinsa Inna take daka daddawa da barkono da busasshen kifi, tun kafin a haifi Mardiya. Ta zuba ruwa ta wanke shi. Ta sake wankewa. Ta goge da tsumma, ta leƙa ciki. Tas yake!

Kaka yana kishingiɗe a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗaga kai.

"Uwar masu gida, ba wanga turmi Innarki ta ce ba."

"Na wanke shi, Kaka. Har sau biyu."

"Icce yana riƙe abin da ya sha, ɗiyata."

"Nawa wankin ba irin na kowa ba ne."

Kaka ya mayar da kai kan tabarma. Ba shi da ƙarfin musu.

Mardiya ta zuba kayan ƙamshin, ta daka su lukui. Ta hura gawayi, ta ɗora ruwa a 'yar tukunya. Da ya tafasa, ta zuba garin. Ta sa ganyen shayi, ta jira ya yi ja. Sannan ta juye madarar duka, ba ta rage ko ɗigo ba. Ta sa sukari, ta tace a kofin Kaka.

Gaskiya a ido shayin ya yi kyau. Mardiya ta kai masa tana taku ɗai-ɗai.

"Ga shi, Kaka. Yau za ka sha abin da ya hi na Inna."

Kaka ya yi bisimilla, ya kurɓa.

Sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ta tari har idanunsa suka kawo ruwa. Da ƙyar ya ajiye kofin.

"Mardiya, shayi ne wanga ko miyar kuka?"

"Shayi ne mana!"

"To, ɗanɗana."

Ta ɗauki kofin ta kurɓa. Wayyo! Warin daddawa ya cika mata hanci. Ƙarnin kifi ya biyo baya. Barkono kuma ya kama mata maƙogwaro. Ga sukari, ga madara, duk sun haɗu sun zama wani abu da ba shi da suna.

Wata yarinyar da tuni ta tofar. Amma ban da Mardiya. Ta runtse ido ta haɗiye.

"Da daɗi," ta ce.

"Allah?"

"Da daɗi ƙwarai!" Ta ƙara kurɓa don ya gani. Hawaye na zuba, hanci na yoyo, ita kuwa tana cewa da daɗi.

"To, ki shanye abinki," in ji Kaka.

"Ai ba laihina ba ne. Laihin turmi ne. Kuma laihin Hanan ne, da ba ta yi mini dariya ba..."

Kaka ya dubi ƙwayoyin maganin da ke tafin hannunsa, ya mayar da su cikin leda. Ya koma ya kwanta a hankali, ya juya fuska wajen bango.

"Kaka, ba ka shan maganin?"

"Likita ya hana in sha da ciki wayam. Bari in jira Innarki."

"Ai Inna sai la'asar!"

"Allah ya kai mu."

Mardiya ta ruga wajen akuya da kofi, ta matsa, ta sake matsawa. Babu komai. Ɗan akuya ya riga ya tsotse abin da ya rage. Ta dama fura ta kawo. Kaka ya girgiza kai. Ta kawo burodi, ya ce ba ya iya haɗiyewa.

Ta tsaya tana kallon bayansa. Ba ta taɓa lura da yadda ya rame ba sai yanzu. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta. Duk unguwar nan gida ɗaya ne ta sani mai saniyar tatsa. Gidan su Hanan.

Ɗazu abu ɗaya aka ce ta karɓo, ta ƙi. Yanzu ga shi abu biyu za ta roƙo.

Ta yafa mayafi, ta ɗauki kofi. Ta kai ƙofar gidan su Hanan ta dawo. Ta sake zuwa ta tsaya. Sai ta jiyo tarin Kaka ta bayan katanga. Ta cije leɓe, ta yi sallama.

Hanan ce a tsakar gida tana shara. Ta daina, ta zuba mata ido.

"A'a! Yau wa nike gani?"

"Ba wurinki na zo ba," in ji Mardiya. Ta wuce wajen Aminatu ta durƙusa. "Ina kwana, Gwaggo?"

"Lahiya lau, Mardiya. Ya jikin Malam?"

"Da sauƙi. Na zo amsar turmi." Ta juya kofin a hannunta. "Kuma... in da madara, a taimaka mini da kaɗan."

"Ina ta akuyarku?"

Mardiya ta sunkuyar da kai. Tana iya cewa mage ce ta zubar. Amma taurin kanta bai taɓa haɗawa da ƙarya ba.

"Ni na ɓata ta. A turmin miya na daka kayan shayi."

Hanan ta saki tsintsiya ta kama dariya. Mardiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta so ta tashi ta fita, amma ta daure. Ta ƙara riƙe kofinta da kyau.

"Ke kuma mi kike ma dariya?" in ji Aminatu. "Wa ya daka geron hura a turmin miya da sallar bara, har baƙi suka ƙi sha?"

Hanan ta rufe fuska da hannu. "Kai, Inna! Ai kin ce ba ki hwaɗa ma kowa!"

Mardiya ta yi ƙoƙarin haɗe rai, amma abin ya gagara. Dariya ta kuɓuce mata.

Aminatu ta cika mata kofin da madara mai ɗumi. Hanan ta ɗauko ƙaramin turmin, ta ce ita za ta kai mata. A hanya ta ce, "Dariyar da na yi miki a aji, ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

"Ba ki kyauta ba kam," in ji Mardiya. Suka yi taku biyu. "Amma ya wuce. Yi sauri, Kaka na jira."

Hanan ta hura wuta, Mardiya ta wanke tukunya ta yi daka. Tun daga bugu na farko ƙamshin citta da kanumfari ya tashi. Wannan karon sai da ta ɗanɗana a cokali kafin ta kai.

Ta durƙusa gaban tabarma. "Kaka, ka gahwarce ni. Inna ta hana ni, kai ma ka hana ni, na ƙi ji. Ba turmi ba ne, ba Hanan ba ce. Ni ce."

Kaka ya tashi zaune. Ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya sake kurɓa. Bai ajiye kofin ba sai da ya shanye. Sannan ya sha maganinsa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Akwai saura?"

Mardiya ta ruga da gudu ta juyo masa sauran.

Da la'asar Inna ta dawo. Tun kafin ta kwance goyo Mardiya ta faɗa mata komai da bakinta. Inna ta dubi Kaka, ta gan shi zaune yana hira da Hanan.

"To, mi kika koya?" ta tambaya.

"In babba ya hana abu, akwai dalili, ko da ban gane ba," in ji Mardiya. "Kuma taurin kaina ba ni kaɗai yake cuta ba. Yau Kaka ya cuta."

"Kin gane ke nan," in ji Inna. "Gobe ma ke za ki dahwa mishi."