Karen da Yake Zaune Fanko

A wani kamfanin wasannin kwamfuta a Montreal, Maëlle Thibodeau ce mai zana dabbobi. Ranar da aka ɗauki Rémi Vachon aikin rubuta wa wasan umarni, ya tsaya a bayanta yana kallon wani kare mai ɗingishi da ta zana a allon kwamfutarta.

"Wa ya taka shi?"

"Motar share ƙanƙara. Pataud ne, karen babana. Bara karen ya mutu."

"To, zan sa ya sake gudu."

Kafin ƙanƙara ta narke yana kiranta Zuma, ita tana kiransa Tabarau.

Babanta kafinta ne, kuma bai ɓoye ra'ayinsa a kan Rémi ba. "Ƙato da gemu yana wasan yara? Me ya taɓa ƙerawa da zan zauna a kai? Ban yarda ba."

Akwai kuma Curtis, shugaban sashensu, wanda Allah ya ba dogon wuya da gajeren tunani. Ya daɗe yana son Maëlle. Ran Juma'a ya buɗe mata fayil ɗin Pataud. Gefen da ake jera halayen kare, gudu da haushi da shinshina, fayau yake.

"Kin gani? Saurayinki ya kwashe komai. Ni ba zan yi miki haka ba."

Ran Lahadi, a kicin ɗin babanta, ta tura wa Rémi saƙo: "Ka raba Pataud da komai. Kada ka zo."

Amsa ta shigo nan take: "Zuma, ban cire komai ba. Da can da suna ake kiran halayensa, Curtis ya sauya sunayen fayiloli, kare ya daina haushi. Yanzu fanko yake zaune, sai wasa ya tashi ake manna masa kowane hali bisa nau'insa. Kowa ya sauya suna, ba ruwansa. Ki tayar da wasan kawai."

Ta buɗe kwamfutarta ta danna. Baba ya tsaya a kanta da tiren tourtière, gasasshen fulawa mai nama a ciki, da zafinsa.

Jerin ya fara cika da kansa. Gudu ya shigo, Pataud ya zabura da ɗingishinsa. Haushi ya shigo. Sai ya tsaya ya karkata kai hagu.

Baba ya ajiye tiren a hankali. "Wa ya gaya wa yaron nan Pataud yana yin haka?"

"Ni ce, Baba. Sau ɗaya na faɗa."

Hali na ƙarshe ya shigo, wanda ba ta san da shi ba. Karen ya ɓace bayan bishiya, ya dawo da zoben neman aure a baki, ya ajiye shi a gaban allo.

Tsohon ya daɗe yana goge ido da bayan hannu.

"Wato sai an kai shi wurin aiki ake harhaɗa shi. Kowace gaɓa da raminta, babu ƙusa. Ai kafinta ne yaron nan, katako ne kawai bai samu ba. Ce masa ya zo, abinci na hucewa."

Ta rubuta: "Tabarau, na yarda. Ka yi gudu."

"Ina bakin ƙofa, Zuma."

An ɗaura aure a watan Yuni a bayan shagon Baba, kowa a kan kujerar da tsohon ya ƙera. Curtis ya samu mai girgiɗi.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka. Idan lokaci ya yi kuma, kada ya sa ɗayansu ya daɗe yana jira shi kaɗai.