Ɗinkin da ke Cikin Rigar Auta

Jakar Auta na tsakar ɗaki a wangale, Umma sai danna kaya take yi ciki tana huci. Tela, mijin Autar, yana tsugune a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Tun ranar da aka ce ciwon dajin ƙaramin hanji ne da matarsa, irin wanda ba kasafai ake ganinsa ba, surukarsa ba ta ƙara amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da hanci.

Gobe ne za a ga babban likita karon farko. Nas ta ce a zo da hotunan ciki da sakamakon gwaji da kwalayen duk maganin da ake sha. Mutum ɗaya zai shiga da Auta, kuma ya zama wanda zai iya faɗin lokacin da ta fara ramewa. Umma kuwa ta riga ta yanke hukunci: ita za ta shiga, daga asibiti kuma gida za ta wuce da ɗiyarta. Ba za ta bar ta a hannun mutumin da matarsa ta ƙare a gabansa bai gani ba.

Auta da ke kishingiɗe a gado ta yi ta roƙo, hawaye na bin kuncinta. Ta ce ita kanta ba ta san tana ramewa ba, don kayanta ba su taɓa yi mata yawa ba. Umma ta ce ta rufe mata baki, so ne ke ɗawainiya da ita.

To, Umma tana da wata ɗabi'a tun yaranta na ƙanana: ba ta ninke riga sai ta juya ta bai-bai. Ta ɗauko koriyar rigar da ita da kanta ta saya wa Auta lokacin tana da jiki, ta juya, sai hannunta ya tsaya cak. A gefen rigar, daga hammata har ƙugu, ɗinki ne jere layi bayan layi, kowanne da kalar zarensa, siriri kamar ba hannu ya yi ba. Ta juya wata rigar, haka. Ta juya siket, haka.

“Wannan fa?” ta ce, muryarta ta sauka.

Bawan Allah bai ɗago ba. Ya ce idon tela ba ya jiran tef ɗin awo, tuntuni ya gani. Wata rana Auta ta dawo tana kuka, ƙawayenta sun tsokane ta wai aure bai karɓe ta ba. Daga ranar, duk sanda ta tafi makarantar da take koyarwa, sai ya kwashi kayanta zuwa shago da sunan guga, ya rage su daidai jikinta, don kada madubi ya ɓata mata rai.

Auta ta toshe baki da tafin hannu tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

“Kai yaron nan,” in ji Umma, “da bakinka ka buɗe maimakon keken ɗinki, da tuni mun je asibiti.”

“Haka ne, Umma. Wautata ce, kuma ita ke hana ni barci.”

Ya matso a durƙushe ya bi layukan da yatsa. Shuɗin zaren nan ragowar ɗinkin kayan 'yan makaranta ne, farkon zango ke nan. Jan kuwa lokacin da ta fara barin abinci a kwano tana dafe ciki. Baƙin, ana tsakiyar ruwan sama, sanda amai ya fara. Abin da nas ta tambaya kaf, ga shi a jikin riga.

Umma ta shafa gefen ta ji kauri. Ta tambayi abin da ya sa bai yanke ragowar yadin ba, tunda kowane tela yankewa yake yi.

“Ko kaɗan ban yanke ba, Umma. Ninke shi na yi a ciki, don ranar da ta mayar da jikinta in farke mata.”

Allahu Akbar. Umma da ko a gidan rasuwa ba a ganin hawayenta, ta zauna bakin gado ta yi kuka. Kowa a dangi ya fara yi wa Auta kallon mai tafiya, har ita uwar, ashe akwai mai jiran ta yi ƙiba.

Umma ta zazzage jakar, ta mayar da hotuna da kwalayen magani, ta ɗora koriyar rigar a sama, ta miƙa masa.

“Kai za ka shiga da ita. Ka faɗa wa likita komai, kada ka ɓoye masa ko zare ɗaya. Ni ina waje ina addu'a.”

Masoya, a ɗauki darasi: ciwo ba a rufa masa asiri, ko da so ne ya sa. Iyaye kuma, kafin a yanke wa suruki hukunci, a juya rigar a duba cikinta.